An yafe mata a sama, to kuɗin adashen fa?

Mai kula da zaure: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Wata 'yar'uwa ta turo min saƙo a keɓe daren jiya, ta roƙe ni in ajiye shi a nan ba tare da sunanta ba. Ga shi yadda ta rubuta:

"Shekara 11 ke nan ina ɗauke da wani abu a raina. A lokacin ni ce uwar adashe a layinmu a Sabon Garin Zariya, mu goma, muna zubin dubu huɗu-huɗu duk wata. Da kwasar wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta zo, dubu 40, mai gidan da muke haya ya tasa mu gaba, sai na taɓa kuɗin da niyyar in mayar. Na ce mata mutane ne ba su kawo zubi ba. Sau uku tana zuwa ƙofata, zanenta na ƙamshin hayaƙi da mai, kullum amsarta ɗaya: 'Ba komai 'yata, Allah ya hore musu.' Kafin in haɗa kuɗin ta kwanta ciwo, ta rasu. Ba wanda ya sani, ko maigidana. Na tuba, na yi kuka gaban Ubangiji ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Amma har yau in zan shiga kasuwa sai in zagaya don kada in bi ta inda take ɗora kaskonta, ranar Jibin Ubangiji a coci kuwa kafin a fara raba gurasa da ƙoƙo na fice. Lahadin nan wani baƙon mai wa'azi ya ce wanda ya tuba ya gama da baya, komawa tono tsohon laifi raina jinin Yesu ne. 'Yar tsohuwar tana Tudun Wada da yaranta. In je in faɗa mata, ko in yi shiru in gaskata an yafe min?"

Don Allah a yi magana da tausayi, tana karantawa.

Ɗalibi (Samaru): Yaya, duk inda kike, ki saurare ni. Mai wa'azin nan gaskiya ya faɗa. Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Zabura 103:12 ta ce kamar nisan gabas da yamma, haka ya nisantar da laifofinmu daga gare mu. Muryar da ke korar ki daga teburin Ubangiji ba ta Ruhu Mai Tsarki ba ce, ta wanda Wahayin Yahaya 12:10 ya kira mai ƙarar 'yan'uwa ce. Bulus ya tsare wa mutane tufafinsu suna jifan Istifanas, amma a Filibiyawa 3:13 cewa ya yi yana manta abin da ke baya, yana kutsawa gaba. Ki sauke kayan nan. An riga an biya.

Direba (Kwangila): An biya wa?

Ku gafarce ni, ni ban yi makarantar Littafi ba, amma na taɓa zama a ɗaya ɓangaren. Wani ɗan'uwa da muke sujada tare ya karɓi kuɗin motata da na sayar, ya ce zai juya min su wata uku. Shekara ta zagayo, ba uwar kuɗi, ba riba. Rannan ina zaune a benci na uku, ya tashi ba da shaida, yana cewa Allah ya wanke shi daga tsohuwar rayuwa, tsofaffin al'amura sun shuɗe. Jama'a na tafi, ana halleluya. Ni kuwa a makon nan aka koro min 'yata daga makaranta saboda kuɗin zango. Wata shida ban sake taka coci ba. Ba kuɗin kaɗai ne ya ƙona min rai ba, yadda ya wuce ni a bakin ƙofa yana murmushi kamar ba ni a duniya, shi ne. In har gafarar Allah na nufin wanda aka cuta ya ɓace, to a sake karanta min wurin.

Baba dattijo (Wusasa): Sannu ɗana direba, Allah ya mayar maka da alheri. Kai kuma ɗana na Samaru, ayoyin da ka kawo duk gaskiya ne, ba zan taɓa ko ɗaya ba. Sai dai ka ɗan hau sama a Filibiyawa 3 ka ga abin da Bulus ke jerawa kafin ya zo aya 13: kaciya a rana ta takwas, kabilar Biliyaminu, Bafarisiye, marar aibu wajen shari'a. Abubuwan taƙamarsa ne ya fara zubarwa. Tsanantawar da ya yi wa ikilisiya kuwa bai daina ambatonta ba, yana faɗa a 1 Korantiyawa 15:9, a 1 Timoti 1:15 ma ya kira kansa babban masu zunubi. Yana tunawa sarai. Abin da ya rabu da shi tsoron hukunci ne.

Sannan ga maganar Ubangiji da bakinsa a Matiyu 5:23-24. In kana miƙa baiko a bagade, ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Bai ce ka tsauta wa tunanin ba. Cewa ya yi ka tashi ka tafi.

Ɗalibi (Samaru): Baba, ku yi haƙuri, ba gardama nake muku ba. Amma ina tsoron inda maganar za ta kai mu. In muka ce sai ta biya kafin ta sami salama, ashe mun mayar da ceto ciniki. Ɓarawon da ke kan gicciye nawa ya mayar wa waɗanda ya yi wa fashi? Ko kwabo. Amma ran nan ya shiga Firdausi.

Malamar makarantar Lahadi: Ƙanena, hannuwansa a kafe suke da ƙusa, ina zai je? Ka kawo mana wanda ƙafafunsa ke sake. Zakka mai karɓar haraji na Yariko, Luka 19. Abin da nake nuna wa yara kullum shi ne wa ya fara. Yana bisa durumi, bai yi alkawarin komai ba, Yesu ya ɗaga kai ya kira shi da sunansa, ya ce yau a gidansa zai sauka. Sai da aka karɓe shi sannan ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya sa shi. Mutumin da aka karɓa haka ba ya iya ci gaba da kwana a kan kuɗin mutane. Ni a ganina abin da ke damun 'yar'uwarmu ke nan: an yafe mata tuni, zuciyar da aka sabunta ce ta ƙi zama da kuɗin.

Ma'aikaciyar jinya: Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa.

Ɗana na biyu yana da shekara uku ya fara zazzaɓi ran wata Talata da yamma. Na taɓa goshinsa, na ba shi magani, na ce wa ƙanwata ta riƙa shafa masa ruwa, na tafi aikin dare. Ni da nake faɗa wa mata kullum kada su yi wasa da zazzaɓin yaro. Da asuba aka kawo min shi yana suma, kafin azahar ya tafi. Takalminsa ɗaya ya faɗi a hanya, ɗayan yana cikin akwatina har yau.

To ku da kuke cewa a je a mayar, a je a gyara, ni in je wurin wa? In mayar da me? Shekara shida ina jin wa'azin Zakka kamar ana soka min wuƙa, domin shi yana da abin mayarwa. Maganar irin ta ɗalibin nan ce ta raya ni. Ranar da na karanta 1 Yahaya 3:20, cewa in zuciyarmu ta kā da mu Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san komai, ran nan na fara barci. Ku yi hankali da yadda kuke magana, akwai masu karantawa da ba su da Tudun Wadar da za su je.

Mama shugabar Zumunta: Wayyo 'yata. Ban san kina ɗauke da wannan ba, ga mu kullum tare. Allah ya ta'azantar da ke. Ki ji daga bakin uwa: ba ki ci amanar kowa ba, ba ki yi wa kowa ƙarya ba. Kin ba ɗanki magani, kin tafi jinyar 'ya'yan wasu. Abin da kika sani da asuba ba ki san shi da yamma ba. Naki makoki ne da ya sa rigar laifi, ba hakkin wani ne a wuyanki ba. Gobe bayan addu'ar safe zan biyo.

Baba dattijo (Wusasa): Na gode da kika tsawata mana, 'yata, kin yi daidai. In maganata ta fama miki ciwo, ki yafe min. Ba kowane nauyin zuciya ne iri ɗaya ba, kuskurenmu mu masu tsayawa a bagade shi ne mu ba kowa magani guda.

Ɗalibi (Samaru): Allah ya ba ki haƙuri, Anti. Kuma maganarki ta tuna min wani abu da nake so iyaye su duba. A cikin almajirai akwai wanda ya mayar da kuɗi. Yahuza ne. Matiyu 27 ta ce ya yi nadama, ya kai azurfa talatin ɗin wurin manyan firistoci, ya ma furta da bakinsa cewa ya ci amanar marar laifi. Ya mayar, ya furta, ya je ya rataye kansa. Bitrus kuwa ba shi da abin mayarwa, musu uku da ya yi ba sa komawa baki. Shi ne ya rayu. Don haka kada a sa wa Yayar nan a rai cewa in ta ƙirga dubu 40 ta miƙa, nauyin zai sauka. Zai iya ƙin sauka.

Malamar makarantar Lahadi: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ban taɓa haɗa su haka ba. Yahuza ya kai laifinsa wurin waɗanda suka ce masa ina ruwansu, bai kai wurin wanda ya cuta ba. Shi ne baƙin ciki iri biyu na 2 Korantiyawa 7:10, ɗaya na kai wa ga tuba, ɗaya ga mutuwa. Amma ka lura da yadda aka warkar da Bitrus. A bakin wutar gawayi ya yi musun, Yahaya 18:18. A Yahaya 21:9, da suka fito daga ruwa, wutar gawayi suka tarar Yesu ya hura, da kifi a kai. Ya mayar da shi gaban irin wutar nan, ya tambaye shi sau uku. Bai ce masa mu bar zancen ba. Ya bi da shi ta hanyar da yake zagayewa, ya ciyar da shi, ya ba shi aiki. 'Yar'uwarmu ma akwai lungun da take zagayewa shekara 11.

Ɗan kasuwa (Sabon Gari): Ni shawarata ta duniya ce. A bar kaza cikin gashinta. Ta sa kuɗin a ambulan, ta ba wani amintacce ya kai wa 'yar, a ce wani ne da ke riƙe da hakkin marigayiya. Hakki ya koma, asiri ya rufu. In ta je da kanta allura na iya tono garma. Ba mu san halin 'yar ba, tana iya tara mata jama'a, maigidanta ya ji a bakin duniya, aure ya girgiza a kan abin da ya wuce. Ba kowace gaskiya ce ake faɗa don amfanin mai ji ba, wata don mai faɗa ya huta ne kawai.

Direba (Kwangila): Maganar ƙarshen nan taka tana da nauyi. Amma ni da mutumina ya aiko min kuɗina a ambulan ba suna, zan karɓa, zan biya makaranta, ciwon kuwa yana nan. Kalma biyu nake jira, "ka yafe".

Mama shugabar Zumunta: Akwai abin da duk kuka tsallake. Ba kuɗi kaɗai ta ɗauka ba. Ta ce wa tsohuwar mutane ne ba su kawo zubi ba. Mata takwas ke nan da suka cika alkawarinsu, baiwar Allah ta tafi kabari tana ganin su ne suka hana ta. Wa ya san abin da ta faɗa wa 'yarta a kan gadon ciwo? Wataƙila har yau yarinyar tana kallon wata a cikinsu da wannan. Ambulan ba zai wanke su ba. Ni shi ya sa na fi karkata ga ta je, amma ba ita kaɗai ba, kuma ba kafin ta faɗa wa mijinta ba.

Baba dattijo (Wusasa): Mama ta gama magana a nan. Bari in ƙara wani abu game da cewa mai hakkin ta rasu, don wani zai ce ai bashin ya bi ta. Littafin Ƙidaya 5:6-8 ya yi maganar wannan dalla-dalla: wanda ya cuci wani ya furta laifinsa, ya biya cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. In mai hakkin ba ya nan, sai danginsa. In ba dangi ko ɗaya, a kai wa Ubangiji ta hannun firist. Ba ma ƙarƙashin shari'ar Musa, na sani, amma ta nuna mana yadda Allah ke kallon abin hannun mutane. A wannan lissafin dubu 48 ke nan.

Mu da muka tashi a garin nan mun ga wannan a wurin maƙwabtanmu Musulmi ma. Ba a tashi daga jana'iza sai an yi cigiyar wanda ke bin mamaci bashi da wanda mamacin ke bi, domin suna rarrabe hakkin Allah da hakkin mutane. Tun da mishan ta tashi daga cikin birni ta dawo Wusasa a 1929, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 bayan wahalar fassara da su Likita Miller na mishan suka sha, idon mutanen Zazzau yana kanmu. Abin da iyayenmu suka fi tsoro shi ne a ce Kirista ya ci amana ya fake da alheri.

Ɗalibi (Samaru): To Baba, tunda kun kawo Wusasa, ai ɗan Wusasa ne Janar Gowon, shi ne a Janairun 1970, da aka gama yaƙin basasa, ya ce ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci da yaƙi. Bai tsaya bin diddigin kowa ba.

Baba dattijo (Wusasa): Haka ne ɗana. Amma shi mai ƙarfi ne yake sassauta wa wanda ke hannunsa, kuma ya biyo da maganar sulhu da sake gini da farfaɗo da mutane. Mai hakki yana da ikon cewa a bar zancen. Wanda hakki ke wuyansa ba shi ne zai ce a bar shi ba.

Ɗan kasuwa (Sabon Gari): In dai za a je, a yi lissafi na gaskiya. Abin da dubu 40 ke saya a wancan lokacin, yau ko rabinsa ba za ta saya ba. Ban ce ta kashe kanta ba, amma kada a riƙe 48 kamar an cika.

Mama shugabar Zumunta: Wannan a bar wa 'yar marigayiya da ƙarfin mai biya. Ni abin da ya hana ni barci shi ne Jibin Ubangiji. 'Yata mai saƙo, ki buɗe Farawa 50. 'Yan'uwan Yusufu ya yafe musu, ya rungume su, ya zaunar da su a Goshen, shekara 17 suna cin abincinsa. Mahaifinsu na rasuwa suka aika masa suna roƙon gafara, wai ko zai rama yanzu. Littafi ya ce da Yusufu ya ji, kuka ya yi. Shekara 17 yana ƙaunarsu, ashe ba su gaskata ba. Ke ma shekara 11 ana shimfiɗa miki tebur kina ficewa ta ƙofar baya. Teburin nan ba na waɗanda suka gama biya ba ne. Lahadin da za a raba, ki zauna kusa da ni, mu tashi tare.

Baba dattijo (Wusasa): A nan kam, Mama, mun ɗan rabu. Ni zan ce ta fara zuwa Tudun Wada, sannan ta zo tebur da zuciya sake. Haka Matiyu 5 ta jera.

Mama shugabar Zumunta: Baba, baiko Matiyu ta ce a ajiye, abin da mu muke kawowa. Gurasa da ƙoƙo kuwa mu ake ba. Mai tafiya wurin da take tsoro ai ita ta fi bukatar guzuri.

Baba dattijo (Wusasa): Zan yi tunani a kai. Ta tambayi fastonta ma, shi ya san garkensa.

Ma'aikaciyar jinya: 'Yar'uwa, ni da ba ni da inda zan je nake roƙonki, ki je. Ko 'yar ta karɓe ki ko ta kore ki, Romawa 12:18 iyakar abin da ke hannunki ta nema. Amma ki shiga gidan a matsayin wadda aka riga aka yafe wa, kada ki je neman abin da Yesu kaɗai ke bayarwa a bakin mutum.

Mai kula da zaure: Ta sake turo saƙo yanzu:

"Na karanta duka, ina ta kuka. Maganar mata takwas ɗin nan ban taɓa tunaninta ba, biyu a cikinsu har yanzu muna gaisawa. Yau da dare zan faɗa wa maigidana, ku sa ni a addu'a, wannan ya fi ba ni tsoro. Dubu 25 ke hannuna yanzu, sauran sai a hankali. Mama, in kun yarda ku raka ni, zan kira ku da kaina, kun san muryata. Anti mai jinya, ban san me zan ce miki ba, sai dai tun ɗazu ke nake yi wa addu'a."

Mama shugabar Zumunta: Ki kira ni ko ƙarfe nawa ne, wayata na kusa da matashi. In kin shirya, ranar Alhamis ba ni da taro. Mu haɗu a PZ da ƙarfe huɗu, mu hau keke ɗaya. Ki taho da abin da ke hannunki, ni zan riƙo wa yaran sabulu da ɗan sukari, ba a shiga gidan marayu hannu rabbana.